Gobara a Gida, Shago da Ofis: Tambayoyin da Mazauna Abuja Suka Fi Yi

Da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, labarin gobara ba ya yankewa a Abuja. Yau a ji kasuwa, gobe ɗakin haya a Nyanya, jibi filaza a Wuse. Iska ta bushe, katako ya bushe, ciyawar bayan katanga ta bushe. Ga tambayoyin da masu gidaje da 'yan haya da 'yan kasuwa suka fi maimaitawa. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Gidan haya nake zaune. Kariya daga gobara a wuyan wa take, ni ko mai gida?

A wuyanku duka, amma kowa da nasa kason. Duk abin da ke jikin gini na mai gida ne: wayoyin cikin bango da na silin, akwatin fis, ƙofofi, matattakala, ƙarafan taga, da wurin da aka ware wa janareta. Abin da kai ka shigo da shi kuwa, da yadda kake sarrafa shi, naka ne: tukunyar gas, risho, hita, dutsen guga, jarkar fetur.

Rigimar tana wurin da kowa ke bi amma babu mai cewa nasa ne. Ƙarƙashin matattakala, baranda, lungun bayan gida. Nan ake jibge tsohuwar katifa da kwalayen talabijin da galan ɗin fenti, wani ma ya kafa babur ɗinsa da mai a tanki. A Abuja masu gidaje da yawa ba sa zaune a gidan, wasu ba sa ma garin. Ejan ne ke leƙowa sau ɗaya a shekara ya karɓi kuɗin haya. To idan ka ga soket ya yi baƙi ko waya tana tartsatsi, kada ka tsaya ga faɗa da baki a bakin get. Rubuta wa ejan ko mai gida, ko da saƙon WhatsApp ne, ka haɗa da hoto. Ranar da magana ta tashi, wannan saƙon ne shaidarka. Mai gida kuma, idan yana son kansa da lafiya, ya sa a takardar yarjejeniya abin da ya yarda a kunna da abin da bai yarda a ajiye ba.

Wace hukuma ce ke da hurumi a kan wannan?

Biyu ne ke kashe wuta a Abuja. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, hedikwatarta na Garki. Tushenta tun 1901 ne a Legas, lokacin tana reshen 'yan sanda, dokar da ta tsayar da ita da ƙafarta kuma ta 1963 ce. Sai hukumar kashe gobara ta Babban Birnin Tarayya, wadda ke ƙarƙashin hukumar gudanar da birnin.

Kafin a kai ga wuta kuwa, sashen kula da tsarin gine-gine na birnin ne ke amincewa da zanen gini, ƙasar kuma tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Hukumar NEMSA ce ke duba ingancin aikin lantarki, hukumar SON kuma ingancin kaya irin su waya da tukunyar gas. Sai dai zane daban, abin da ake ginawa daban. An amince da gidan zama, bayan shekara biyu ya koma makaranta ko sito, ƙofar baya an toshe ta da bulo don a samu ƙarin ɗaki. Babu jami'in da zai bi kowane gida a Kubwa da Lugbe yana leƙawa. Wanda ke kwana a ciki shi ne mai duba na farko.

Me ya sa kusan kowace gobara sai a ce wutar lantarki ce?

Domin sau da yawa ita ɗin ce, ko da yake laifin ba na wutar ba ne, na yadda aka ja ta ne. Shiga shagon provishan ɗaya ka duba bayan kanta. Soket guda ne a bango. An soka masa doguwar waya mai baki huɗu, a jikinta firjin lemo, da butar dafa ruwa, da fanka, da cajar waya. Bakin na huɗu kuma an ƙara masa wata wayar da ta tsallaka shagon tela na kusa, inda dutsen guga ke aiki. Soket irin namu mai amfiya 13 abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba, butar ruwa kaɗai tana iya cin 2,000. Waya za ta yi ta ɗumi a ɓoye, robarta ta yi laushi, wata rana ta narke.

Sai wayar jabu. Ana sayar da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa ruwan tagulla, ko wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jiki ba. A ƙa'ida fitilu suna tafiya da waya mai lamba 1.5, soket da 2.5, hita da na'urar sanyaya ɗaki da 4, kukar lantarki da 6. Mai gini ya ga tsada ya ce a yi duka da ƙarama, ɗan haya kuma ya zo ya ɗaura esi biyu.

Na uku shi ne fis. Aikinsa ya yanke idan kaya sun yi nauyi. Idan yana yawan yankewa, magana yake yi maka. Mu kuma sai mu kira yaro ya ɗaure shi da waya mai kauri don ya daina damunmu, daga nan babu sauran abin da zai tsaya tsakanin wutar da silin.

Akwai kuma wadda ta fi kowacce sauƙin kaucewa: an ɗauke wuta ana cikin guga ko dafa ruwa, aka fita aka manta ba a kashe ba, aka dawo da wuta gida ba kowa. Da an ɗauke wuta, kashe duk abin da ke yin zafi kafin ka yi wani abu. Alamun da ba a yi musu jinkiri: warin ƙonewar roba, soket mai zafi a hannu, ƙarar tsir-tsir a bango, kwan fitila mai kyaftawa ba dalili.

Ƙarafan taga fa? Ba don ɓarayi muka sa su ba?

Don su ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire su a zauna haka. Amma wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a shafin nan, don haka a yi haƙuri da tsawonta.

Duba yadda ake rufe gida da dare a yawancin unguwanni. Kowace taga da ƙarfe, an kafe shi cikin siminti. Ƙofar falo ta ƙarfe ce, an murza makulli, an zura sakata sama da ƙasa. Bayanta akwai wata ta raga da kwaɗo. Ƙofar kicin an kulle, an ma jingina mata buhun shinkafa da tukwane. Makullai suna ɗakin maigida, cikin aljihun rigar da ya cire. Yanzu a ce wuta ta tashi a falo ƙarfe biyun dare, an ɗauke lantarki, hayaƙi ya cika baranda, yara suna ɗakin ƙurya. Maƙwabta sun fito, suna jin ihu, suna ganin hannuwa ta taga, amma sai an nemo guduma ko an taso mai walda. Duk abin da aka yi don kada a shigo, shi ne ya hana a fita.

Gyaran ba shi da tsada. A kowane ɗakin kwana, ko aƙalla a ɗaya a kowane ɓangare na gida, a sa mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa, da hinji da kwaɗo daga ciki. Makullinsa a rataye kusa, inda hannun mai tsayawa a waje ba zai kai ba amma yaro ɗan shekara goma zai kai. A riƙa buɗe shi lokaci-lokaci ana ɗiga masa mai, don kwaɗon da ya shekara biyu a rufe yana iya ƙin buɗewa ranar da ake nemansa. Makullin ƙofar fita ya samu wuri ɗaya tak da kowa ya sani, har 'yar aiki da baƙon da ya kwana. Kowane gida ya kasance da hanyar fita biyu da ba su haɗu a wuri ɗaya ba.

Wani abu kuma da ya kamata a daina shi kwata-kwata: kulle yara ta waje a tafi kasuwa ko biki. Uwa tana ganin tsare su ta yi. Idan babu babban da zai zauna da su, gara a kai su maƙwabta.

A ganina, wanda kuɗinsa bai isa ya sayi tukunyar kashe wuta ya kuma gyara taga ba, ya fara da tagar.

Me ya sa ake samun mutum ya rasu alhali wuta ba ta taɓa jikinsa ba?

Hayaƙi. Shi ke kashe yawancin waɗanda gobara ke ci. Katifar soso, kujerun falo, labule, silin roba, idan suka kama suna fitar da guba, shaƙa kaɗan sai jiri, sai faɗuwa. Mai barci kuwa hayaƙi ba ya tashe shi, ƙara dulmiyar da shi yake yi. Gobarar benen Afriland da ke Legas a Satumbar 2025 daga ɗakin batura na ƙasa ta faro, amma hayaƙin da ya bi ginin ya hau sama ne ya yi ɓarnar rayuka.

Hayaƙi sama yake tashi, don haka a durƙusa a yi rarrafe. Kafin buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu. Idan da zafi, wuta na bayanta. Duk ƙofar da aka wuce a ja ta a rufe, don rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska, tana kuma tare hayaƙi. A bene ba a shiga lif, matattakala ake bi. Wanda hanya ta toshe masa ya shiga ɗaki mai taga, ya rufe ƙofa, ya cusa jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashinta, ya yi ta kira. Wanda ya fita kuma ya fita ke nan, ba a komawa ɗauko takardun makaranta ko jakar kuɗi.

Na ji warin gas a kicin. Me zan yi?

Hajiya, kada ki kunna fitila, kada ki kashe wadda ke kunne, kada ki kyasta ashana don dubawa. Makunnin lantarki yana fitar da ɗan tartsatsi, shi kaɗai ya isa. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofofi da tagogi, fitar da kowa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe ƙofa ya fi buɗe ƙaramar tagar sama amfani.

Neman inda yake yoyo da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, inda kumfa ta taso nan ne. Tiyon da ya tsattsage ko ya ƙandare a sauya shi, kada a naɗe da leda. Tukunya a tsaye ake ajiye ta, inda iska ke ratsawa, ba kusa da risho ko kurfoti ba. Tana da wa'adi, shekara 15 ne a ƙa'idar ƙasar nan, shekarar ƙira kuma tana buge a jikinta.

Mai ya kama wuta a kasko. In watsa ruwa?

A'a, ko kusa. Ruwa a tafasasshen mai fashewa yake yi, wutar ta tashi har silin ta faɗo wa mai girki a fuska. Kashe murhun, rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti, a bar shi ya huce. Kada a ɗauke shi a ruga waje.

Wace irin tukunyar kashe wuta zan saya?

Duka ja ne, amma kowace da tambarin launi a jiki. Mai shuɗi ta gari ce, tana aiki a kan katako, fetur, gas da kayan lantarki, ita ta fi dacewa da gida da shago. Mai baƙi ta iskar kabon ce, ba ta ɓata kwamfuta da injina, ta dace da ofis, sai dai bakinta yana yin sanyin da zai iya ƙona hannu. Mai launin madara ta kumfa ce, ta fetur da katako. Ta ruwa kuwa ta takarda da katako da yadi ce kawai, ba a kusantar lantarki da ita.

A rataye ta kusa da ƙofar fita, ba a kan murhu ba, ba cikin sito a kulle ba. Idan tana da agogo, allurarsa ta tsaya a kan kore, a kai ta sabis duk shekara. Amfani da ita: zare fil, nufi gindin wutar ba harshenta ba, matse, ka riƙa kaɗawa hagu da dama, ƙofa tana bayanka. Cikin daƙiƙu take ƙarewa, ba ta kai minti guda. Ta ƙaramar wuta ce da aka gani da wuri. Idan wuta ta kai silin ko hayaƙi ya cika ɗaki, ajiye ta ka fita.

Janareta da sola fa?

Janareta a waje, nesa da taga, ba a baranda ko ƙarƙashin matattakala ba. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ta sha kashe iyali guda cikin barci. Haka gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe don jin ɗumi, abin da mutanen Jos suka fi mu sani. Ba a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi, ba a kuma haska tankinsa da kyandir. Fetur ɗin da ake tarawa a jarka lokacin ƙarancin mai ba ya kwana cikin ɗaki.

Sola da inbata sun yawaita, masu haɗa su ma sun yawaita, ba duka ne suka iya ba. Batura suna son iska da waya mai kauri da abin yanke wuta nasu na kansu. Kada a kafa su a hanyar da za a bi a fita.

Na'urar jin hayaƙi tana da amfani, ko kayan Turawa ne kawai?

Tana da shi, musamman da dare. Da batir take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta. A manna ta a silin baranda kusa da ɗakunan kwana, ba cikin kicin ba, don kada suya ta riƙa tayar da ita. A danna maɓallinta duk wata a ji ƙara, a sauya ta bayan shekara 10. Masu turaren wuta, a ɗan nisanta kasko da ita maimakon a cire mata batir.

Shagona na cikin kasuwa. Ni kaɗai me zan iya?

Kai kaɗai, kaɗan. Shagonka yana da bango ɗaya da na maƙwabcinka, rufi ɗaya, sau da yawa waya ɗaya. Babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe shekaru fiye da ashirin ba ta dawo yadda take ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta sha tata a 2016. Nan Abuja, katafaren kantin Next Cash and Carry ya ƙone ranar 26 ga Disamba, 2021. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Wannan aikin ƙungiyar 'yan kasuwa ne da hukumar kasuwa. A samu babban makunni da ake kashe wutar layi gaba ɗaya idan an tashi. A hana kasa kaya da kafa rumfa a hanyar da motar kwana-kwana za ta bi. A raba masu gas da fetur da fenti daga masu yadi da katifa, abin da ya shafi 'yan katako na Dei-Dei ƙwarai. A samu tankin ruwa da ba na alwala da wanke-wanke ba. Masu gadin dare su san lambar kira, su iya riƙe tukunyar kashe wuta, don wutar kasuwa ta fi tashi bayan kowa ya tafi. Kuɗin ƙungiya da ake karɓa duk wata, a tambayi nawa ne ya tafi nan.

Me ya sa 'yan kwana-kwana ke zuwa a makare, wani lokaci ruwa ya ƙare musu?

Akwai ƙarancin motoci da tashoshi idan aka kwatanta da yadda garin ya faɗaɗa, wannan gaskiya ne. Amma wani kason jinkirin namu ne. Sai an gama fama da bokiti, wasu suna ɗaukar bidiyo, kowa yana zaton wani ya kira. A kira 112 tun farko, ko da ana ganin za a iya kashewa, a kuma ajiye lambar tashar da ta fi kusa a waya. A faɗi unguwa da layi da wata alama sananniya, a ce bene ne ko ƙasa, akwai mutane a ciki ko babu, akwai gas ko fetur. A tura yaro bakin titi ya tare su.

Ruwan da mota ke ɗauka cikin 'yan mintuna yake ƙarewa. Idan babu famfon gobara a kusa, dole su koma ɗebowa. Ga cunkoson hanyar Nyanya, ga get ɗin rukunin gidaje da aka yi wa rufi gajere, ga motoci an jera hagu da dama. Jifan ma'aikatan da fasa musu gilashi, wanda ake gani a wasu wurare, ba ya kashe wuta, yana dai rage motar da za ta je wa na gaba.

Makarantu da masallatai fa?

Duk inda jama'a ke taruwa, ƙofofi su riƙa buɗewa waje, kada kuma a kulle su da mutane a ciki. Makarantar kwana da tsangaya sun fi hatsari, don yara ne, dare ne, ga katifu ko kara. A Fabrairun 2025 gobarar dare ta ci almajirai 17 a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara. Shugaban makaranta ya sa babba ya riƙa kwana kusa da yara da makulli a hannunsa, a yi atisayen fita kowane zango, a ware wuri ɗaya a fili da za a taru a kira suna. Iyaye ma suna da damar cewa a nuna musu ɗakin kwanan kafin su biya kuɗi.

Amma gobara ba ƙaddara ba ce?

Ƙaddara ce, kamar yadda ciwo yake ƙaddara muke kuma zuwa asibiti. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya ce wuta abokiyar gaba ce, idan za a kwanta a kashe ta. Umarni ne ƙarara. Wanda ya bar kyandir a kan akwatin talabijin ko maganin sauro kusa da labule ya yi barci, bai bi shi ba.

Dole ne in yi wa ginina inshora?

Tun dokar inshora ta 2003 an wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su makarantu, asibitoci, otal, filaza da gidajen haya. Ga mai gudun kuɗin ruwa akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Ɗan haya ya sani cewa inshorar mai gida ba lallai ta rufe kayan ɗakinsa ko hajar shagonsa ba, sai ya tambaya. Hoton kaya da rasit a ajiye kwafinsu a waya ko a wani gidan.

Wani ya ƙone. Me za a shafa masa kafin asibiti?

Ba a shafa komai. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba gishiri, ba toka. A sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta, ƙurajen ruwan da suka taso kada a fasa. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. Idan tufar mutum ce ta kama, kada ya gudu: ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ko ta ƙaramin yaro, ko ta lantarki, asibiti kai tsaye. Haka wanda ya shaƙi hayaƙi yana tari ko muryarsa ta dushe, ko da yana cewa lafiyarsa lau, domin maƙogwaro yana iya kumbura bayan sa'o'i.